Hotunan Ranar Asabar Suna Hannunmu

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen Kakuri ba za su bar ni ba. Layi ɗaya tak na rubuta, bai kai tsawon yatsana ba a fuskar waya, amma sai da ya hana manyan mutane cin abinci, ni kuma ya ja mini kunyar da har yau in na tuna sai na rufe fuska ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Muna da wata ƙungiya ta 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan masaƙa. Iyayenmu sun yi aiki tare a masaƙun Kakuri kafin injinan su yi shiru, mu kuma da muka tashi a unguwa ɗaya, Musulmi da Kirista, muka ga bai dace zumuncin ya mutu tare da injinan ba. Iyayen da suka rage a raye su ne iyayen ƙungiya. Ni aka naɗa sakataren yaɗa labarai, ba don na fi kowa iya magana ba, sai don ina da shagon buga takardu da kwamfuta biyu (ɗaya ba ta tashi sai an ɗan mare ta a gefe).

Da zafina na ƙirƙiro 'yar jarida ta wata-wata da nake tura wa mambobi ta imel. Wanda aka yi wa haihuwa, wanda ya samu aiki, wanda ke kwance a asibiti, duk ina sawa, har da ɗan sharhina a ƙarshe wanda nake ganin ko a babbar jarida aka buga shi ba zai ji kunya ba. Matsalar ita ce manhajar da nake turawa da ita tana da wani mugun hali: tana nuna maka wa ya buɗe, wa bai buɗe ba. Masu buɗewa ba su cika yatsun hannu ba. Cikinsu har da ni kaina, sai kuma Mama Rifkatu, wadda ba ta taɓa barin wata ya wuce ba ta karanta ba.

Ku riƙe sunan nan. Mama Rifkatu matar Baba Ishaya ce, shi kuma Baba Ishaya uban ƙungiya ne, dattijo ne a cocinmu, sannan mahaifin Saratu ce da nake nema da aure. An riga an kai gaisuwa, sa rana kawai ake jira. Wato mutum ne da ko tari zan yi a gabansa sai na nemi izini.

A wani taro shugabarmu Hajiya Ladidi, mai shagon atamfa a Makera, ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, “Sakatare, jaridar nan taka, wa ke karantawa?”

Na ce, “Hajiya, ana karantawa a hankali.”

Ta ce, “A hankali har yaushe? In wata mai zuwa ba ta canja zani ba, a rufe ta, a riƙa sa sanarwa a guruf ɗinmu na waya kamar kowa.”

Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma ta saman leɓe. Na koma shago zuciyata tana tafasa, na zauna na shiga neman bidiyo a intanet kan yadda ake sa mutane su buɗe imel. Na faɗa kan wani Bature mai fararen haƙora kamar an jera ƙanƙara, yana ta yarfa hannu yana bayani. Ya ce komai kyan abin da ka rubuta a ciki, banza ne in kan saƙon bai ja mutum ba, wato ɗan layin nan da ke leƙowa a waya kafin a buɗe. Na duba nawa. Tun da na fara, abin da nake sawa ke nan: “Jaridar Ƙungiya ta Wannan Wata.” Ko ni da na rubuta sai da na yi hamma.

Baturen ya ce ka sa sunan mutum a farko, ya ji kamar da shi kaɗai kake. Ya ce ka taƙaita. Ya ce, mafi muhimmanci, kada ka faɗi komai, ka bar mutum da ƙaiƙayin son sani. Na dinga gyaɗa kai kamar yana ganina. Abin da bai faɗa ba, ni ma ban tambayi kaina ba, shi ne ko ya taɓa zama a Kakuri.

Ana nan sai ga Asabar ɗin aikin gayya, muka fita yashe kwalbatin layin kasuwa kafin ruwa ya sauka sosai. Ba kowa ya zo ba, kamar kullum. Baba Ishaya ya zo da safe ya yi addu'ar buɗewa, ya karɓi shebur ya ɗebo taɓo sau biyu don a ɗauke shi hoto, sannan ya ce zai je Gonin Gora duba marar lafiya, ya tari keke ya tafi. Ni kuwa na ɗauki hotuna rututu. Na ce to, ga abin da zan gwada sabon ilimina a kai.

Ranar Talata da safe na jera hotunan, na rubuta godiya mai ratsa zuciya, na zo kan saƙo na tsaya. Na fara da “An gan ka ranar Asabar,” sai na tuna akwai mata, kuma manhaja ba ta san bambancin “ka” da “ki” ba. Na yi ta juya kalmomi har na samo wadda ta dace da kowa. Manhajar za ta sa sunan kowane mutum da kanta a farko, sai sauran ya biyo:

“Wane, hotunan ranar Asabar suna hannunmu.”

Wallahi sai da na tashi na zaga kujerata don daɗi. Ga suna, ga taƙaitawa, ga ƙaiƙayi, kuma na tsallake rigimar “ka” da “ki”. Na danna tura wa kowa da kowa, wanda ya zo aikin da wanda bai ma san an yi ba.

Ban gama shan shayina ba waya ta fara ruri. Malam Tanimu ne, makanikin tankoki a wajen Rido, mutumin da tun da nake bai taɓa kirana ba.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, “Sakatare, na ga saƙonka.”

Na ce, “Madalla, Malam! Ka buɗe?”

Ya ce, “Ba sai na buɗe ba. Ka san dai ni da kai ba mu taɓa samun matsala ba. Babanka da babana a sashe ɗaya suka yi aiki.”

Na ce, “Haka ne.”

Ya ce, “To Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya.”

Na ce amin da ƙarfi, na kashe waya ina cewa a raina, kai, dubi yadda jarida ke farfaɗo da zumunci. (Har yau ban san me Malam Tanimu ya yi ranar Asabar ɗin nan ba, kuma ba na son sani.)

Daga nan kira ya dinga shigowa. Wani ya tambayi lafiyar mahaifiyata da ke ƙauye. Wani ya ce in tuna duniya ba matabbata ba ce. Wata ta kira ta yi shiru, ta ja numfashi, ta kashe. Na leƙa manhaja na ga sunaye suna ta sauya launi, kusan kowa ya buɗe, wasu har sau da yawa. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne waɗanda suka buɗe sun ga kwalbati sun yi tsaki sun ci gaba da harkarsu. Masu kirana su ne waɗanda hannunsu ya kasa dannawa.

Wajen azahar sai ga Anti Laraba, shugabar mawaƙan cocinmu, da kanta a ƙofar shago da kula a hannu. Shinkafa ce da miya da cinyar kaza biyu. Ta ajiye a kan tebur ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Ta ce, “Ƙanina, ka ci. Abin da ya wuce ya wuce, a bar shi a tsakaninmu, ka ji?”

Na ce, “Anti, ai abin alheri ba a ɓoye shi.”

Ta dafe ƙirji ta ce, “Yesu!” ta fita da sauri har tana tuntuɓe da wayar janareta.

Na buɗe kula na cinye tas, har ƙashi na tauna. Ina ci ina tunanin ashe haka marubuta ke ji in an fara gane darajarsu.

Ina cikin sakace haƙori inuwa ta rufe ƙofa. Baba Ishaya ne. Tun da na buɗe shagon bai taɓa tako shi ba. Na miƙe zumbur na goge hannu a wando na ba shi kujera. Bai zauna ba. Ya leƙa waje hagu da dama, ya jawo ƙofa ya rufe.

Ya ce, “Ɗana, wa ya ɗauki hoton?”

Na ce, “Ni da kaina, Baba.” Har da ɗan rusunawa.

Ya ce, “Kai? Ban gan ka ba.”

Na ce, “Ai hankalinku yana kan abin da ke gabanku. Kun duƙufa sosai, Baba. Akwai wanda kuka riƙe shi da hannu biyu kuna murmushi, shi ya fi kyau, shi na sa a sama.”

Sai a lokacin ya nemi kujerar ya zauna. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, na ɗauka zafin shago ne, na juya masa fanka.

Ya ce, “Ana gane ni?”

Na ce, “Tar! Har yadda hannunku ya ɓaci duk ya fito. Kowa ya gani zai san ba wasa kuka je yi ba.”

Ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago a hankali ya ce, “Mamanku fa?”

Na ce, “Mama? Ai ita ce ta farkon buɗewa kullum. Tun da safe ta gani.”

Baba ya miƙe, ya sa hularsa a karkace, ya ce, “Na ɗauke ka ɗa.” Ya fita. Ni kuma na raka shi har bakin titi ina cewa, “Na gode, Baba, ni ma uba na ɗauke ku.”

(Na sani. Ba sai kun faɗa ba. Ni ɗin nan da nake ganin na fi kowa wayo daga Kakuri zuwa Gonin Gora.)

Da yamma Hajiya Ladidi ta kira ta ce gobe bayan la'asar akwai taron gaggawa, kuma ni ne ajanda. Saratu ma ta turo ɗan saƙo: “Ka zo taron gobe. Ka yi addu'a kafin ka fito.” Na karanta na yi murmushi, na ce yarinyar nan ba ta son girman da za a ba ni ya sa mini girman kai. Na ciro sabuwar shaddata da na ɗinka don ranar sa rana, na kai aka goge ta har tana ɗaukar ido. Na kuma shirya ɗan jawabi mai taken sirrin rubuta kan saƙo, ko da za a ce in koya wa wasu.

A wani ajin firamare muke taro, kan bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Ranar ajin ya cika maƙil har da na tsaye a taga. Mutanen da rabon da a gan su tun kafa ƙungiya duk sun zo. Na shiga ina ɗaga hannu kamar ɗan takara. Ba wanda ya ɗaga mini.

Bayan addu'a Hajiya ta ce, “Sakatare, tashi ka yi wa jama'a bayanin saƙon jiya.”

Na tashi na gyara wuyan riga na ce, “Da farko ina godiya ga duk waɗanda suka kira ni jiya, da waɗanda suka tako har shago. Abubuwan da kuka faɗa mini ba zan manta da su ba. In an ba ni dama zan ambaci sunaye ɗaya bayan ɗaya.”

Ajin ya ɗauka gaba ɗaya: “A'a! A'a! Ba sai ka ambata ba!” Malam Tanimu har ya miƙe tsaye, benci ya kife da mutumin da ke ɗaya gefen.

Hajiya ta buga tebur ta ce, “Karanta mana kan saƙon. Da ƙarfi. Ka sa sunana.”

Na ɗaga waya na karanta da muryar mai labarai: “Hajiya Ladidi, hotunan ranar Asabar suna hannunmu.”

Ban taɓa jin layin da kunnena ba sai ranar. A kwamfuta kyakkyawa ne. Da ya fito daga bakina a cikin ajin da ya yi tsit, sai na ji muryar mutumin da ke kira daga daji yana cewa a kawo kuɗin fansa. Na kalli Malam Tanimu, na kalli Anti Laraba, na tuna kaza. Na kalli Baba Ishaya da ke zaune a gaba ya harɗe hannu yana kallon allo, na tuna “kun riƙe shi da hannu biyu.”

Na ce, “Hotunan kwalbati ne fa.”

Hajiya ta ce, “Yanzu mun sani. Jiya Alhajina ne ya fara ganin saƙon a wayata. Sai da na buɗe masa ya ga taɓo da idonsa kafin ya ci tuwo.”

Nan Mama Rifkatu ta ɗaga hannu. Baba ya ce, “Rifkatu,” a hankali, ba tare da ya juyo ba. Ta miƙe abinta.

Ta ce, “Ni dai godiya na zo yi wa yaron nan. Tun safe na buɗe na ga hotuna, na ga Babanku da shebur, na ce kai, tsohon nan ya yi kyau. Ina tsakar gida ina tsince wake sai ga shi ya shigo, ya cire hula, ya ce, ‘Rifkatu, kafin ki ce komai bari in yi bayani.’ To ni me zan ce? Na ajiye tire na ce ina ji.”

Wani daga taga ya ce, “Mama, ci gaba!”

Ta ce, “Mutumin da likita ya hana gishiri, ya hana maiƙo, ya hana zaƙi. Ashe marar lafiyar da ake zuwa dubawa Gonin Gora duk Asabar mai tsire ne a bakin titi! Tsire, balangu, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Ya faɗa mini har sunan mai tsiren. Da ya gama na ɗauko waya na nuna masa hoton shebur.”

Ajin ya fashe. Wasu suna dukan benci, wata ta zame ƙasa tana riƙe ciki. Masu dariyar da ta fi ƙarfi, na lura, su ne waɗanda suka kira ni jiya. Baba Ishaya bai motsa ba. Ya juyo kawai ya kalle ni, irin kallon da ake yi wa akuyar da ta shiga coci ana tsakiyar wa'azi.

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Na durƙusa a kan simintin ajin, cikin ƙurar alli da ɓawon gyaɗa, da sabuwar shaddar sa rana, na ce, “Baba, ku yi haƙuri. Wani Bature ne ya ce in bar mutane da ƙaiƙayi.”

Wannan ita ce magana mafi wauta da na taɓa yi a rayuwata, kuma a gaban surukai na yi ta. Dariyar ta sake tashi sabuwa. Na hango Saratu a baya ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko kuka take ko dariya. (Daga baya ta ce duka biyun.)

Baba ya bari aka lafa sannan ya ce, “Tashi. Shekara da shekaru ina zuwa wurin nan, ko ɗan sanda bai kama ni ba. Sai kai, da kwalbati.”

Ina miƙewa ina kakkaɓe gwiwa, Anti Laraba ta ɗaga murya daga tsakiyar aji ta ce, “Abeg, a dawo mini da kulata.”

Hajiya ta ce, “Wace kula kuma, Laraba?”

Anti Laraba ta ga duk an juyo ana kallonta, ta ce, “Ba komai. Ya riƙe.”

Ba a rufe jaridar ba, abin mamaki. Aka dai kafa doka cewa duk kan saƙon da zan tura sai na karanta wa Hajiya shi a waya da bakina tukuna, ita kuma ta sa Alhajinta ya saurara. In bai ɗago kai daga rediyonsa ba, an amince. Sa ranar kuwa sai da aka ɗaga ta, don Baba ya ce yana bukatar lokaci kafin ya iya kallona bai ji ƙamshin yaji ba. Kawuna ya yi zarya gidan har ya gaji kafin aka shawo kansa.

Yanzu Saratu tana ɗakina, Mama kuwa ta mai da ni ɗan gaban goshi, ko'ina cewa take ni na ƙara wa mijinta kwana. Sai dai duk ranar da muka je gaishe su, ta kawo wa Baba faten accarsa marar gishiri marar mai, ba ya kallon kwanon. Ni yake kallo, cokali bayan cokali, har ya gama.

Abin da na koya shi ne sa mutum ya buɗe saƙo ba wuya ba ne, tsoro ma yana yi maka wannan aikin kyauta. Amma kafin ka bar jama'a da ƙaiƙayi, ka tuna ba ka san inda kowa zai sosa ba. In kwalbati kake nufi, ɗan'uwa, rubuta kwalbati.